Salsalar gidan Gwamna Kilifod: har ina takardu suka kai ta?

Malamin Tarihi, Agege

Assalamu alaikum, iyaye da malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare da ke Agege, kuma a wannan zangon karatu muka iso kan tsarin mulkin 1922, wanda ake kira da sunan Gwamna Kilifod, mutumin da ya gaji Gwamna Lugga a 1919 ya riƙe Nijeriya har zuwa 1925. Turawa suna rubuta sunan nasa Hugh Clifford. Na yi wa ɗalibai bayanin cewa a ƙarƙashin wannan tsari ne aka fara zaɓen 'yan majalisa a ƙasar nan, kujeru 3 a Legas da 1 a Kalaba, cewa duk wanda abin da yake samu a shekara bai kai fam 100 ba ba shi da ƙuri'a, kuma Arewa ba ta cikin hurumin majalisar. Da yake yawancin ɗalibaina 'ya'yan Hausawan Agege ne, sai na ƙara musu da cewa shi ne ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda daga baya Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

A nan ne wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye ni: shi wannan gwamna ɗan waye a garinsu, ɗan sarauta ne ko kuwa talaka ne wanda aiki ya ɗaukaka? Na yi mata alkawarin amsa a mako mai zuwa. Da na shiga intanet sai na tarar da abin da ya fi ƙarfin shirin da na yi. Wani shafi ya ce kakannin gidan sun ƙetaro daga yankin Nomandi na Faransa tare da Sarki Wiliyam, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, wani ya fara labarin daga wani gari da ke kan iyakar Ingila da Wels, wani kuma bai wuce 1672 ba. Har na kwafi wani dogon jerin sunaye, wane ɗan wane ɗan wane, da niyyar rubuta shi a kan allo, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba, domin babu inda mai jerin ya nuna takardar da ya dogara da ita.

Tambayata ga waɗanda suka san wannan fanni ita ce: ta wace hanya ake bin asalin irin waɗannan gidaje na masu ƙasa a Ingila har a kai ga ƙarni na 11 ko na 12, waɗanne takardu ne ake yarda da su, kuma shi gidan Kilifod ɗin, har ina hujja ta kai salsalarsa? Ba na son in tsaya a gaban yara in faɗa musu abin da ni kaina ban tantance ba. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malami, Yaba

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa wannan yarinya albarka, domin tambayarta ita ce wadda Bahaushe yake fara yi a kan kowane baƙo, kuma ka yi daidai da ba ka kai mata jerin sunayen nan ba. Shawarata ta farko ita ce ka juya takardar. Wanda ya fara daga 1066 yana gangarowa ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa, duk inda ya tarar da giɓi zai cike shi da zato. Daga mutumin da aka sani ake farawa, a hau zuwa ubansa, sannan kakansa, kuma ba a ɗaga ƙafa daga mataki sai an sami takardar da aka rubuta a zamanin mutanen, wadda ta ce wane ɗan wane ne. Ka san yadda malaman hadisi suke yi da isnadi: tsawonsa ba ya burge su, girman sunan da ke ƙarshensa ma haka, sai sun duba ko kowane mai ruwaya ya riski wanda ya ce ya ji daga bakinsa, kuma shekarun haihuwa da na rasuwa su ne ma'auninsu. Da wannan ma'aunin za ka auna gidan Kilifod.

Matakan ƙasa ba su da wuya. An haifi gwamnan a 1866, lokacin da rajistar haihuwa ta gwamnati ta riga ta kafu a Ingila tun 1837. Mahaifinsa, Henri Kilifod, janar ne na soja wanda ya sami lambar jarumta mafi girma ta ƙasarsu saboda abin da ya yi a yaƙin Kirimiya a 1854, shi kuma ɗa ne ga mutum na 7 da ya riƙe sarautar Baron Kilifod na Chudleigh (Baron wani matsayi ne na sarautar gado a Ingila). Sarki Cales na 2 ne ya ƙirƙiro wannan sarauta a 1672 ya naɗa wa Tomas Kilifod, wanda ya zama ma'ajin Ingila, sannan ya ajiye muƙamin a 1673 saboda wata doka da ta wajabta wa masu riƙe da muƙamai rantsuwar da ɗan ɗariƙar Katolika ba zai iya yi ba. An haifi Tomas a 1630 a gandun gidansu da ake kira Ugbrooke a lardin Devon. Daga shi zuwa gwamna babu jayayya. Saboda haka rabin amsar ɗalibarka ya samu: jikan basarake ne, amma ba magaji ba, domin mahaifinsa ɗa na 3 ne, kuma a al'adar waɗannan gidaje babban ɗa ne yake ɗauke sarauta da ƙasa gaba ɗaya, ƙannensa su nemi abinci a aikin soja ko na coci ko a ƙasashen da ake yi wa mulkin mallaka. Wannan ne ya sa ka ga yaro ɗan shekara 17 ya tafi Malaya aiki a 1883, ya yi ta zagaya har ya iso Legas.

Daga 1630 zuwa sama, ƙasa ta fara santsi. Abin dogaro na farko shi ne rajistar coci, wadda aka ba da umarnin a riƙa ajiyewa tun 1538, inda ake rubuta baftisma da aure da jana'iza, sai kuma wasiyyoyi, waɗanda a cikinsu mutum yake ambatar 'ya'yansa da sunayensu. Akwai kuma littattafan rangadin masu kula da tambarin gidaje, mutanen da aikinsu ya yi kusa da na sankira a fadojinmu, waɗanda tsakanin 1530 da 1688 suka riƙa zagaya larduna suna tambayar manya hujjar tambarin da suke amfani da shi, suna rubuta salsalarsu. Ka yarda da waɗannan littattafai a kan uba da kaka da kakan uba, domin mai gidan ya san su ko ya ji labarinsu daga wanda ya san su. Abin da ya wuce nan ka riƙe shi kamar yadda za ka riƙe kirarin maroƙi, wanda ba lallai ƙarya ba ne, amma an tsara shi ne don ya faranta wa mai biya. Misalin da aka fi sani shi ne na gidan Spencer, dangin marigayiya Gimbiya Dayana. Da kiwon tumaki suka yi arziki, suka sayi gandun Althorp a 1508, amma a 1595 wani jami'in tambari ya zana musu salsalar da ta haɗa su da tsohon gidan Despenser na zamanin da, aka yi ta kwafarta shekaru aru-aru, har sai da masanin tarihi Horace Round ya bi takardu a farkon ƙarni na 20 ya nuna cewa haɗin ba shi da tushe.

Yanzu mu bar wannan gefe mu koma ɗaya ƙarshen igiyar, inda su ma takardu suke da ƙarfi. A 1086 Sarki Wiliyam ya sa aka ƙidaya ƙasar Ingila, gari bayan gari, aka rubuta wanda yake riƙe da kowane gandu da wanda ya riƙe shi kafin zuwan mutanen Nomandi, da yawan garmuna da kuɗin da yake kawowa. Mutane suka laƙaba wa kundin suna Domesday, wato Ranar Hisabi, saboda hukuncinsa ba shi da ɗaukaka ƙara, kuma yana nan har gobe a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kew a Landan. A cikinsa akwai garin Kilifod a lardin Hereford, a bakin kogin Wye, da gidan ganuwa wanda aikinsa ya yi kama da na ribaɗi a kan iyaka. Abin lura shi ne, wanda yake riƙe da shi a 1086 wani babban mutum ne mai suna Ralph de Tosny, kuma babu wani gida da ake kira Kilifod a lokacin. Waɗanda suka zo suka ɗauki sunan, a kundin ana kiransu 'ya'yan Pons ne, kamar Drogo ɗan Pons wanda yake riƙe da gandaye a larduna da dama. Jikan Pons, Walta ɗan Ricad, wanda ya rasu wajen 1190, shi ne ya mallaki garin ya fara amsa sunan Walta na Kilifod, kamar yadda mutuminmu zai amsa sunan garin da ya zauna ko ya yi sarauta.

Babban reshen ya ƙare a 1263 da rasuwar wani Walta wanda bai bar ɗa namiji ba. Zuriyar ƙaninsa ce ta ci gaba da sunan, kuma ta hanyar aure ta koma arewacin Ingila: Roja Kilifod ya auri Isabela de Vipont, ɗaya daga cikin 'yan mata biyu da suka gaji ƙasar Westmorland, ya nutse a ruwa a yaƙin Wels a 1282, ɗansu Robat kuma ya sami gidan ganuwa na Skipton a 1310, aka kashe shi a yaƙin Bannockburn da mutanen Sikotland a 1314. Duk wannan yana da shaidu na zamaninsa.

To, ga ƙarshen igiya biyu a hannunka, mutanen Skipton a sama, mutanen Devon a ƙasa. Ƙullin da tsofaffin littattafan salsala suka haɗa su da shi wani barde ne mai suna Luwis Kilifod, wanda ya yi wa Yarima Edwad, babban ɗan Sarki Edwad na 3, hidima, ya rasu a 1404. Littattafan sun ce Luwis ɗa ne ga wani Roja na daban, Baron na 5 a reshen Skipton, kuma daga Luwis ne mutanen Devon suka fito. An haifi wannan Rojan a 1333. Shi kuwa Luwis, a 1386 ya ba da shaida a wata shahararriyar shari'a da aka yi tsakanin gidan Scrope da gidan Grosvenor a kan tambari, kuma shekarunsa a lokacin sun kai 50. Ka yi lissafin da kanka, Malam: mutanen biyu tsara ne, ɗaya ba zai haifi ɗaya ba. Tun a ƙarni na 19 masana suka gano haka, wasu suka ce ƙila ɗan'uwan Roja ne, wasu daga baya suka ce daga wani reshe na daban ya fito a Devon. Ina kyautata zaton idan ka duba jerin da ka kwafa za ka tarar da Luwis zaune a ƙarƙashin Roja, domin masu kwafa a intanet daga tsofaffin littattafan suke ɗebowa.

Malamin Tarihi, Agege

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na duba jerin yanzu, kuma haka yake, Luwis yana ƙarƙashin Roja a matsayin ɗa, babu shekarar haihuwa a gefen ko ɗayansu. Abubuwa biyu ne suka rage mini. Na farko, ta yaya aka san shekarar haihuwar mutumin ƙarni na 14, alhali rajistar coci ba ta fara ba sai 1538? Na biyu, maganar cewa kakansu ya yi yaƙi tare da Sarki Wiliyam a 1066, in jefar da ita gaba ɗaya ne ko akwai abin da za a tsinta a cikinta?

Barista, Obalende

Malam, da izinin Baba, zan ɗauki tambayarka ta farko, domin ta shigo fagen da nake ci da sha a cikinsa. A kotunanmu na nan Legas, idan mutum ya zo yana da'awar fili da tarihin gado, sai ya faɗi wanda ya fara sare wurin, da yadda ya same shi, da sunayen duk waɗanda suka riƙe shi ɗaya bayan ɗaya har ya iso hannunsa, kuma giɓi guda a cikin jerin yana iya rusa ƙarar. Salsalar Ingila ta ƙarnonin tsakiya irin wannan aiki ce, domin babu wanda ya rubuta haihuwar mutane a lokacin don tarihi. Abin da aka rubuta shi ne ƙasa da kuɗin sarki, mutane kuma sun shigo takarda ne saboda suna riƙe da ƙasa.

Bayan 1066 dokarsu ta ɗauka cewa duk ƙasar Ingila ta sarki ce, manya suna riƙe da ita ne daga hannunsa a kan sharaɗin kawo mayaƙa. Idan wanda ya riƙe ƙasa kai tsaye daga sarki ya rasu, sai a aika jami'i ya tara mutanen yankin ya rantsar da su, su faɗi gandayen mamacin, da abin da suke kawowa a shekara, da ranar da ya rasu, da wanda yake magajinsa, da shekarun magajin. Ana kiran wannan binciken bayan mutuwa, kuma takardunsa sun fara ne daga zamanin Sarki Henri na 3 a ƙarni na 13, aka ci gaba da yin su har cikin ƙarni na 17. Dalilin damuwa da shekaru kuɗi ne: idan magaji namiji bai kai 21 ba, sarki ne zai ci amfanin gandayen har ya girma, kuma shi ne yake da ikon aurar da shi ko sayar da wannan iko ga wani. Ranar da yaro ya ce ya kai, sai a sake tara dattawa su rantse a kan ranar haihuwarsa, kowa ya faɗi abin da ya sa yake tunawa da ita, wani ya ce a shekarar ya yi aure, wani ya ce shi ya riƙe fitila a wurin baftismar. Ta irin wannan hanya ake samun shekarun haihuwar manyan mutane na wancan zamani.

Kafin wannan akwai naɗaɗɗun takardun baitulmali, waɗanda mafi tsufa da ya tsira daga cikinsu na 1130 ne, sannan suka jeru kusan kowace shekara daga farkon mulkin Henri na 2. A cikinsu ake rubuta kuɗin da magaji ya biya kafin a sakar masa ƙasar ubansa, abin da ya yi kama da kuɗin sarauta, kuma babbar yarjejeniyar 1215 da ake kira Magna Carta ta ƙayyade shi fam 100 ga ƙasar Baron, sule 100 ga ƙasar barde. Rubutun yakan ce wane ya biya kaza saboda ƙasar mahaifinsa wane, ka ga uba da ɗa sun fito a layi guda. Daga 1195 kuma aka fara wata dabara ta cinikin ƙasa: a rubuta yarjejeniya sau 3 a kan fata guda, a yanka ta da yanka mai lanƙwasa, mai saye ya ɗauki ɗaya, mai sayarwa ɗaya, gindin fatar kuma ya zauna a taskar sarki, yadda duk wanda ya zo da ta jabu bakinta ba zai haɗu da na taska ba. Sai takardun kyautar ƙasa ga gidajen ibada na ruhubanawa, inda mai kyauta yakan ambaci ubansa da uwarsa da matarsa don a yi musu addu'a, kuma a kan mutanen ƙarni na 12 sau da yawa su ne kaɗai suke faɗin sunan mace.

Gargaɗina ɗaya ne. A wurinsu suna yana bin ƙasa ne, ba dole ya bi jini ta wajen uba ba. Gidan Percy na Northumberland yana cikin kundin 1086, amma mazansa sun ƙare tun a ƙarni na 12, zuriyar 'yarsu Agnes da mijinta, mutumin Louvain, suka ɗauki sunan. Suka sake ƙarewa a 1670, daga baya wani mai suna Hugh Smithson wanda ya auri magajiyar gidan ya koma Percy a 1750. Saboda haka ganin suna iri ɗaya a ƙarni biyu ba hujja ba ce, kuma mutanen da ba su haɗa komai ba suna iya amsa Kilifod, tunda garin da ake kira haka a Ingila ya fi ɗaya.

Malama, Idi-Araba

Barista, na amfana da bayaninka, sai dai akwai wurin da nake ganin ka taƙaita. Ka ce babu wanda ya rubuta waɗannan abubuwa don tarihi, kuma gaskiya ne a kan jami'an sarki, amma a wannan gida na Kilifod musamman, babban kaso na abin da aka sani an same shi ne saboda mata biyu, uwa da 'ya, sun ƙi yarda a cinye musu gado. Tunda mai tambayar asali yarinya ce, ina roƙon Malam kada ya bar wannan a baya.

An haifi Ana Kilifod a 1590, 'ya ce ga Joj, mutum na 3 da ya riƙe sarautar Cumberland daga zuriyar mutanen Skipton ɗin da Baba ya ambata. 'Yan'uwanta maza biyu sun rasu suna ƙanana. Da mahaifinta ya rasu a 1605 sai aka tarar ya yi wasiyya ya bar wa ƙaninsa Faransis ƙasashen gidan, ita kuma ya bar mata kuɗi. Mahaifiyarta, Magaret, ta sa aka shiga taskokin takardu ana tono tsofaffin shaidu, domin hujjarsu ita ce tun zamanin Sarki Edwad na 2 sharaɗin ƙasar ya ce ta bi zuriyar mai ita kai tsaye, ba a ware mace ba. Shari'a ta yi tsawo, har Sarki Jemis na 1 ya yanke hukunci a 1617 wanda ya bar ƙasar a hannun baffanta, mijinta ya amince ya karɓi kuɗi, ita kuwa ta tsaya a gaban sarki ta ƙi sa hannu. Sai a 1643, shekara 38 bayan rasuwar mahaifinta, da ɗan baffan nata ya rasu bai bar ɗa namiji ba, ƙasar ta dawo hannunta. Ta koma arewa ta gyara gidajen ganuwa na kakanninta, ta zauna a cikinsu har ta rasu a 1676, kuma ta sa aka tattara takardun da aka tono aka kwafe su cikin manyan kundaye, tun daga ƙarni na 12 har zuwa kanta, kundayen da masu bincike suke amfani da su har yanzu.

Wannan labari yana da amfani ga tambayar Malam ta wata fuska kuma. A 1643 mazan babban reshen arewa sun ƙare, Skipton ta bi 'yar Ana zuwa gidan Tufton, ba ta tafi Devon ba. Ke nan kakannin gwamna ba su gaji ko taki ɗaya na ƙasar arewa ba, gandunsu na Ugbrooke ma ta hanyar auren 'yar gidan Courtenay ya shigo hannunsu. Duk inda ka duba a tarihin gidan, a Westmorland ko a Devon, mace ce ta shigo da ƙasar, amma jerin da ake rubutawa a kan allo sunayen maza kaɗai yake ɗauka. Mu da muka tashi a kan rabon gado na Musulunci, inda 'ya take da kasonta sananne ko da akwai 'yan'uwa maza, ya kamata mu nuna wa yara wannan bambanci, domin a dokar Ingila ta wancan zamani ɗa namiji guda yana kore dukan 'yan'uwansa mata daga gadon ƙasa, sai in babu shi ne suke raba ta daidai a tsakaninsu, kamar yadda ya faru da Isabela da 'yar'uwarta.

Tsohon Malami, Yaba

Malama ta yi gaskiya, kuma na gode da ta cike abin da na tsallake. Malam, a kan 1066, an yi yaƙin Hastings, wanda da shi Wiliyam ya ci Ingila, ranar 14 ga Oktoba, kuma mutanen da takardun zamanin suka tabbatar da sunayensu a cikin rundunar Wiliyam kusan 20 ne kawai, duk da cewa dubbai ne suka yi yaƙin. Akwai wani jerin sunaye da ake jingina wa gidan ibadar da Wiliyam ya gina a filin yaƙin, wanda gidaje da yawa suke kafa hujja da shi, amma kwafe-kwafen da suka rage na ƙarnoni ne na baya, kuma an yi ta cusa sunaye a ciki. Pons ba ya cikin waɗanda aka tabbatar. Abin da za ka tsinta shi ne 'ya'yansa suna riƙe da ƙasa a Ingila a 1086, shekara 20 bayan yaƙin, kuma wannan kaɗai ya isa tsufa.

Idan kana son ka ci gaba da kanka, ba sai ka bar Agege ba. Kundin 1086 an fassara shi an sa a intanet, taƙaitattun bayanan binciken bayan mutuwa an buga su da Turanci, haka kuma tarihin lardunan Ingila da aka fara aikinsa tun 1899, wanda yake bin kowane gandu daga hannu zuwa hannu, ana karanta mujalladai da yawa daga cikinsa kyauta a shafin British History Online. Ka nemi sunan gandu kafin sunan mutum. Ka kuma kula da kwanan wata, domin tsofaffin takardu da shekarar sarautar sarki suke ƙidaya, kuma har zuwa 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa, saboda haka abin da aka rubuta a watan Fabrairun 1610 a lissafinmu na yau na 1611 ne.

Malamin Tarihi, Agege

Baba, Barista, Malama, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Na shirya yadda darasin zai kasance. Zan raba allo biyu, a gefe guda in rubuta daga gwamna zuwa Tomas na 1630, a ɗaya gefen daga 'ya'yan Pons zuwa Robat na Skipton da zuriyarsa har Ana, tare da sunayen matan da suka shigo da ƙasa. A tsakiya zan rubuta Roja da 1333, da Luwis da shekarunsa 50 a 1386, in bar ɗalibai su yi lissafin da kansu. Aikin gida kuma, kowane ɗalibi zai tambayi babba a gidansu sunayen kakanninsa har inda ya sani, da garin da suka taso kafin su sauka Agege, ya rubuta a gefen kowane suna daga bakin wa ya ji shi.